Farin Zanen da Kika Rataya a Lambu

Zuwa ga matata Mufida, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, inuwar da nake hutawa in rana ta take.

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, saƙonki na murya ya iso, na saurare shi har wayata ta yi zafi. Na ji kin ce za ki bar karatun aikin gona da kike yi a Maraɗi ki dawo gida, saboda kin samu labarin Inna na cewa bai kamata matar aure ta tsallaka iyaka ta bar mijinta ba. Haba Mufida! Ke da ba ki tsoron kunama, yau magana ce za ta karya ki? Na zaɓi takarda don ki riƙe ta a hannu, na ba Badamasi direba ya kawo miki.

Kin tuna damina ta farko bayan aurenmu? Bayan sallar isha'i kika ɗauko farin zanenki kika rataya tsakanin zogale da gwaiba, kika jingina fitilar sola a jikinsa, kika ajiye bokiti a ƙasa da kwalayen ƙwai a ciki. Na yi ta dariya, na ce amaryata ta zo farautar faɗa-wuta. Da asuba kika ɗaga kwalayen a hankali kamar mai buɗe jariri. Wayyo! Wani launin toka, wani kamar ɓawon itace, wani da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa nono. Kika nuna mini wanda tsutsarsa ke ɓarna da wanda ba ruwansa da kowa. Kina magana ina kallon bakinki. Rabin darasin ya wuce ni.

Amma sauran rabin ya zauna. Tun da kika tafi ban daina rataya zanen ba. Makon jiya wani ƙato ya faɗa bokitin, a bayansa akwai zane kamar ƙoƙon kan mutum, da na taɓa shi ya yi ƙara kamar ɓera. Inna ta ja da baya tana salati, ta ce aike ne aka yi wa gidan nan, in ƙone shi. Na ce mata wannan kin taɓa nuna mini hotonsa, zumar ƙudan zuma yake sata, ba ya cizo, ba ya harbi. Na ɗora shi a tafin hannuna, ya karkaɗa fikafikai ya tashi. Sai na nuna mata ƙananan nan masu fari da kore, na ce ga masu laifi, tsutsarsu ce ke huda mata kuɓewa kowace shekara. Muka bi kunya-kunya muna tsinke waɗanda suka huje, muka binne su kamar yadda kika koya mini.

Zo ki ga kuɓewar Inna yanzu! Jiya ita ce ta tashe ni, wai in zo mu buɗe bokiti kafin kaji su riga mu. Tana riƙe da kwali tana leƙawa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in gaya wa ɗiyarta ta tsaya ta gama abin da ta je yi.

To, me ya rage, farin watana? Kewa? Ina da ita, kullum tana cina kamar gara a cikin azara. In na ji ƙugin manyan motoci sun nufi kan iyaka, sai zuciyata ta hau bayansu ba tare da ta nemi izinina ba. Tuwo ba ya mini daɗi, ɗakinmu ya yi mini faɗi. Amma gara in sha wannan kewar da in ga kin dawo da ido a ƙasa, kin bar abin da Allah Ya hore miki.

Kada ki haɗa kaya. Ki zauna, ki yi karatu, ki ci jarrabawa. Bayan girbi ni zan tsallako in same ki, kuma Inna ta ce ba zan tafi in bar ta ba.

Naki ne ni a Jibiya, naki ne a Maraɗi, naki har ranar da za a mayar da ni ƙasa.

Mijinki,
Zubair