Warin Tafarnuwa Ta Tagar Baya

Paranaguá, 9 ga Maris

Zuwa ga 'yata Jussara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya hayaniyar São Paulo? Ina fata kina cin abinci a kan lokaci. Mu nan lafiya lau. 'Yarki, takwarata Iraci, ta fitar da haƙora biyu, ta kuma gwada su a yatsana.

Ki zauna kafin ki karanta sauran. Babanki yana zuwa gida.

Kada ki ce tsufa ne. Kin san warin da yake dawowa da shi daga tashar jirgin ruwa, duk ranar da suka zuba ƙwayoyin kashe ƙwari cikin waken suya suka rufe: warin tafarnuwa sak. Duk zamanmu ina tsokanarsa cewa wata ce ke soya masa wake a can, don ni hannuna bai kai haka barbaɗa tafarnuwa ba. Shi kuwa Valdomiro sai ya yi dariya, ya tuɓe riga a bakin famfo, ba mai matsowa sai ya yi wanka. Ke kanki da rarrafenki korarki yake yi.

To, warin nan ne ke shigowa ta tagar baya da asuba, daidai gefen da yake kwana. Maƙwabciyarmu Dona Celestina ma ta ji. Ta ce mamaci ne ke kewar gidansa, a sa fadan coci ya yi masa addu'a. Ni ban sa ba, kada addu'ar ta sallame shi. Na ja gadon yarinyar zuwa ƙarƙashin tagar don ya ga jikar da bai riska ba. Har kyankyasai sun ƙaurace wa kicin, kin dai san yadda ya tsane su.

Filin ƙwallon da ke bayan katangarmu kuwa an sayar. Yanzu kwantenonin kaya ne jibge, sun tare mana iska da hangen dutse.

Ki gaida abokan aikinki. Allah ya tsare mini ke.

Mahaifiyarki,
Iraci

Paranaguá, 2 ga Afrilu

Jussara 'yata,

Ina gaishe ki, ina fata kin samu barci. Na gaya miki a waya cewa yarinyar ta farfaɗo, kuma gaskiya ce, yau har ta sha kunu a gadon asibiti. Amma akwai abin da bakina ya kasa, shi ne na ce bari hannu ya faɗa.

Kwana da kwanaki tana amai tana lumshe ido, ni ma kaina kamar an ɗaure da igiya. Na ce haƙora ne. Kanarin babanki ya mutu a keji, na ce shekaru ne. Duk abin da ya faru sai na yi masa suna, don kada in rufe tagar nan.

Ranar Talata Anacleto, uban baftismarki, wanda suka yi aiki da babanki tun suna samari, ya biyo da sassafe ya kawo mana kifi. Na ja shi ɗaki ina murna, na ce ya zo ya gaisa da abokinsa. Yana taka ƙofa ya saki kifin a ƙasa. Tsohon da ke hawa matakala yana nishi, ban san lokacin da ya sure yarinyar ya kai titi ba.

Na bi shi ina masifa. Sai ya juyo, ya kira ni yadda uban baftisma ke kiran uwar ɗiya, ya ce, "Comadre, wannan ba Valdomiro ba ne. Abin da ya kashe shi ne."

Na ce ya yi mini shiru, ba shi ya zauna da mutumin ba. Bai yi fushi ba. A mota, muna hanyar asibiti, ya bayyana mini: masu filin baya suna turara hatsi da gas a cikin kwantena, idan ƙwarin sun mutu kuma ƙa'ida ita ce a zuƙe gas ɗin ta bututu, ya bi ta gangar gawayi ta tsotse gubar. Su kuwa ƙofofin kawai suke wangalewa kafin gari ya waye, lokacin da iska ke busowa ta wajenmu. Ya ce duk wanda hancinsa ya ji tafarnuwar, ya riga ya sha fiye da ƙima.

Jussara, da hannuna na ja gadon nan. Duk asuba ina ɗaga ta ina cewa ga Kaka ya zo. In kin ga dama ki zo ki ɗauke ta, ba zan ce uffan ba.

Taki,
Iraci

Paranaguá, 20 ga Yuni

'Yata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri, ya sanyin hunturunmu na Yuni? Na gode da kika bar mini ita. Tana tafiya yanzu, kamar ɗan maye, daga kujera zuwa kujera.

Kin ji labarin zaman da muka yi a ƙofar filin. Matan layinmu kaf muka fito da tukwane, Dona Celestina a gaba, ita da ta ce fatalwa ce, tana buga murfi ta fi kowa. Wani mai hular kwano ya ce babu abin da ke fita sai wari. Ta ce to ya kawo katifarsa ya kwana a tagata, za ta ba shi bargo. Babu motar da ta shiga ko ta fita har hukuma ta zo. Yanzu an kafa gangunan gawayi da bututu dogo, an kuma maƙala wani ɗan akwati a katangarmu mai ƙara idan gas ya zubo. Kyankyasai sun dawo, ban taɓa zaton zan yi musu maraba ba.

Sai dai gidan ya yi shiru. Kunya nake ji in rubuta, amma ina kewar warin nan. Sau biyu ke nan ina rasa mutumin. Na daina sa tafarnuwa a wake, takwarata za ta girma tana cewa kakarta ba ta iya girki ba.

Shekaranjiya da asuba na sake jin shi, ƙarara, a gefen gadonsa. Na leƙa: akwatin katanga bai yi ƙara ba, kwantenonin a rufe, iska ma daga teku take. Na tsaya hannuna a kan tagar, ban san iya daɗewar da na yi ba. Yarinyar ta motsa a bayana.

Na rufe, na sa sakata. Idan gas ne, na yi daidai. Idan kuwa shi ne, ba zai ji haushi ba, don bai taɓa yarda ya shigo da warin nan inda yaro yake ba. Na ce masa ta cikin gilashi ya je bakin famfo tukuna.

Ki zo hutun nan. Anacleto yana gaishe ki.

Mahaifiyarki,
Iraci