Koke Kan Hayaƙin Da Ke Shiga Aji Biyu

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Sake Duba Ƙa'idojin Kare Muhalli na Ƙasa

Daga: Shugabar makarantar firamare da ke jikin katangar masana'antar narka tsofaffin batura

Kwanan wata: 14 ga Yuli

Game da: Yadda ake tsara ƙa'idar hayaƙin masana'antu ba tare da jin ta bakin masu shaƙarsa ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce shugabar makarantar da aka ambata a sama. Shekarata goma sha tara a cikinta, yara ɗari uku da sittin ne amana a hannuna. Ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ƙa'idar da ake aiki da ita ta ce a auna hayaƙi a bakin ƙofar masana'anta. Ƙofar tana gabas, bututun hayaƙin kuwa yana yamma, taku arba'in daga tagar aji biyu. Mai awon mutumin kirki ne. Da bakinsa ya faɗa mini cewa inda takarda ta ce ya tsaya, nan yake tsayawa.

2. Ƙa'idar ta kuma ce a ba masana'anta sanarwar mako guda kafin a zo awo. An zo ranar 3 ga Fabrairu, an sake zuwa 9 ga Mayu. Ranakun nan biyu kaɗai muka buɗe tagogi a bana, domin tun jajibiri aka kashe murhun narkawar.

3. Ranar 21 ga Mayu, malamar aji biyu, wadda yara ke kira Anti Ƙarama, ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo, da alli a hannunta. Likita ya sami gubar dalma a jininta. Tana da ciki wata biyar, na fari bayan shekara takwas da aure. Cikin bai zauna ba. Aka gwada yaran ajinta talatin da ɗaya, aka sami gubar a jikin goma sha tara. Na kai sakamakon ofishin kula da muhalli, magatakarda ya buɗe fayil ya nuna mini cewa masana'antar ba ta karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, Yallaɓai, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

4. Kwamitinku ya yi zaman jin ra'ayin jama'a ranar 30 ga Yuni. Sanarwar ta iso mana ana saura kwana uku, shafi tamanin da huɗu, cikin harshen da yawancin iyayen yaran ba sa karantawa. Duk da haka muka yi tafiyar sa'a bakwai a mota, ni da mijin malamar, wanda tela ne, ya rufe shagonsa domin zaman. Mai gadi ya ce sai mai katin gayyata. A baranda muka wuni. Ta taga na hango manajan masana'antar a layin gaba. Ban ce ba shi da haƙƙin zama a nan ba.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi: a sake zaman kafin a rufe karɓar ra'ayi, a yi shi a filin makarantarmu ranar da murhu ke ci. A mayar da awo inda mutane ke numfashi, ba tare da sanarwa ba. A kuma ba waɗanda ke zaune jikin masana'antu kujera a duk kwamitin da zai rubuta ƙa'ida nan gaba, tun kafin a rubuta ta.

Iyaye suna tare ni a hanya suna tambaya ko su dawo da 'ya'yansu zango mai zuwa. Babu wata makaranta kusa da mu. Na ce su ba ni zuwa ƙarshen watan nan. Duk abin da kuka rubuto, shi zan tsaya in karanta musu. Idan ba ku rubuto ba, zan ce su riƙe yaransu a gida, ni kuma in ɗauki duk hukuncin da zai biyo baya.

Allah ya taya riƙo. Ka huta lafiya.

Ni ce mai biyayya a gare ka,

Shugabar makaranta
Sa hannu da hatimin makaranta