Hular Kwanon Alojz

Zuwa ga Gwaggo Trauda,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙafar? Hular kwanon Kaka Alojz da kika ba ni don baje kolin tsoffin sojojin ƙauyenmu, na zauna ina cire koren fentinta da auduga a hankali. Gwaggo, ji abin da na tarar. A gefen hagu gaggafa ce ta fito, tambarin sojan Jamus da suka mamaye mu lokacin yaƙi, a cikin baki kuma ga sunansa da lambar rundunarsa. Kwamiti sun ɗauka ta sojan Poland ce. Ki yarje min in kankare kafin Asabar, kada a yi da mu a gari.

Ɗanki, Leszek, daga Katowice

*

Leszek,

Ƙafa da sauƙi, kai ne ciwon yanzu. Ka kankare me? Shekara ashirin kana gyaran tsoffin hulunan soja, kana zagin masu ɓata tambarin hulunan mutane, yau ka zo kan ta gidanku hannunka na ƙaiƙayi! Daga gonar dankali Jamusawa suka ɗauke Baba aikin soja yana ɗan sha tara, ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa. Koren fentin kuma ragowar na shingenmu ne. Mama ta shafa ne don ta shuka furanni a ciki, ita ta huda ramukan nan na sama da ƙusa. Ba ta taɓa jin kunyar mijinta ba, ni ma ba zan fara da tsufana ba. Ka taɓa gaggafar nan, kada ka ƙara zuwa cin abincin Lahadi a gidana.

Ka gaida matarka Halina. Gwaggonka

*

Gwaggo,

Barka da hutawa. Ban taɓa ba, na kai ta yadda take. Shugaban kwamiti, Mista Kubica, ya juya ta ya ga lambar, ya ture ta gefe. Wai ba za a jera ta kusa da hotunan mutanen kirki irin mahaifinsa ba. A gaban jama'a ya faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Naki, Leszek

*

Leszek,

Dawo min da abata, a tagar da ke kallon titi zan ajiye ta. Mota ɗaya ta kwashe Baba da mahaifin Kubica, tare suka dawo a ƙafa. Kafin ka taho, ka bi ta bayan gidansa ka ce ya kifar da kwanon da kajinsa ke shan ruwa. Ka tafi da audugarka ka goge fentin, ka karanta masa lambar rundunar mahaifinsa da ƙarfi.

Sai na gan ka Lahadi. Trauda