Kunun da Ya Wuni a Fulas

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Daga bakin gadon asibiti a Malumfashi nake rubuto miki. Takwararki ce a kwance, an ɗaura mata ruwa. Ba ki san ta ba, bayan rasuwarki na haife ta. Watanta tara, muna kiranta Ummi don kada mu kama sunanki.

Inna, ni na jawo, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa ba tare da na yi kwana-kwana ba.

Shekaranjiya muka je shiƙar waken suya a gonarmu ta Gozaki. Tun da sassafe na dama mata kunun gyaɗa da madara, na juye a fulas. Da la'asar ta fara rigima, na buɗe, na ji da sauran ɗumi. Na goge cokali da bakin zanena na ba ta. Ban wanke hannu ba, ban ma ɗanɗana ba, saboda iska ta taso ana saurin shiƙa.

Kin tuna ranar da na sayo fulas ɗin nan a kasuwar Funtua, ina ta yanga da shi? Kika shinshina murfin, kika ture shi gefe, kika ce, "Ni dai na yaro na dama shi yanzu, ya sha yanzu." Na yi dariya, na ce Inna ba ki son ci gaba. Kunun da ya wuni kuwa kaji kike zuba wa, ni ina gefe ina ƙorafin ɓarna.

Kafin mu kai gida ta fara amai, gudawa ta biyo baya. Duk wadda ta leƙo sai ta ce haƙori ne, kowane yaro yana yi. Na yarda da su, Inna, don ya fi mini sauƙi a kan in tuna da fulas. Haka muka wuni jiya.

Yau da safe na shafa kanta, na ji maɗigarta ta faɗa. Idanu sun zurma, tana kuka ba hawaye. Babanta ya figo mashin, ko ɗankwali ban tsaya ɗaurawa da kyau ba.

Nas ta tambaye ni me ta ci, kuma yaushe aka dafa. Wallahi da muryarki na ji tambayar. Ta ce da tun jiya ina ba ta ruwan gishiri da sukari da nono, da ba ta bushe haka ba. Ta ce in lura, idan ta yi fitsari to jiki ya fara karɓar ruwan.

Ni da nake tsaki idan ta jiƙa mini zane, ga ni zaune tun hantsi ina roƙon Allah ta jiƙa. Yanzu ma na sa hannu. A bushe yake.

Tsoro nake ji, Innata. Sau ɗaya aka fitar da mai wannan suna daga gabana a makara, ba zan iya na biyu ba.

Ya Allah Ka haskaka kabarin Inna, Ka yafe mini gangancina, Ka bar mini ƙaramar a hannuna.

'Yarki mai taurin kai,
Hajara