Murfin Kasko

Litinin, 3 ga Maris

Man suya ya kama wuta a kicin ɗin gidan abincin da muke aiki. Yaya ta ƙone daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Ni kuwa lafiyata ƙalau, don na gudu.

Ban san yadda na fita ba. Tsintar kaina kawai na yi a tsallaken titi, ludayi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, bakina ya bushe ƙayau. Sai da muka isa asibiti wata mata ta ce, “Baiwar Allah, ƙafarki jini.” Ashe kwalba na taka. Ko ɗigon zafi ban ji ba.

Talata, 4 ga Maris

Ɗinki huɗu. Nas ɗin da ta yi mini ta tambaye ni yadda abin ya faru, na faɗa mata rabi. Ta ce akwai wasu ’yan ƙulli a saman ƙoda, in jiki ya ga haɗari sai su watso wani sinadari cikin jini, adirenalin sunansa. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya tafi ƙafa da hannu, zafin ciwo ya ɓuya. Wani ya yi faɗa, wani ya sheƙa, wani ya ƙame. “Wasu ma ko kiransu ake yi ba sa ji,” in ji ta.

Na riƙe wannan maganar gam. Ban ji komai ba. Haka na gaya wa Umma.

Alhamis, 6 ga Maris

Na koma aiki. Dogo mai wanke-wanke ya laƙa mini suna Barewa. Wai da gasar tsere ce da na ciyo wa gidan kofi. Na yi dariya tare da su, sannan na shiga bayan gida na yi amai.

Cokali ya faɗi a ƙasa ɗazu, na zabura har na zubar da gishiri. Haba! Cokali fa.

Asabar, 8 ga Maris

An sallamo Yaya. Ruwa take karɓa a hannun Umma, magani a hannun Umma. Ni sai “sannu” da “yawwa”. Ita ce fa ta roƙar mini aikin nan, ita ta koya mini riƙon wuƙa, ita ke tsare mini faɗan mai gidan abincin. Gara ta zage ni tas da wannan shirun.

Lahadi, 9 ga Maris

Na share ɗaki sau uku. Na kasa zama.

Talata, 11 ga Maris

To, littafi ne, ba mai karantawa sai ni.

Na ji ta. Sau biyu ta ce, “Auta, murfi! Murfi!” Murfin babban kaskon yana kan teburin da ke gefena, miƙa hannu kawai zan yi. Da an rufe da wutar ta mutu nan take, kowa a kicin ya san haka. Ita ta zagayo ta ɗauka da kanta, ta bi ta cikin wutar.

Nas ta ba ni mafaka, ni kuma na shige na yi kwanciyata. Gudun dai na yarda jikina ne ya yi. Ƙaryar fa? Ita kwana bakwai na yi ina shirya ta da hankalina.

Alhamis, 13 ga Maris

Umma ta ce idonta ba ya ganin ciwon sosai, hannunta kuma ba ƙarfi. Daga gobe ni zan riƙa wanke wa Yaya hannu in naɗe. Yaya tana jin mu. Bango take kallo.

Juma’a, 14 ga Maris

Da hantsi. Na jera auduga, ruwan gishiri, bandeji. Ina warware tsohon naɗin abin ya taso mini: ƙirji na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe. Ƙofa a buɗe take, ƙafafuna har sun fara tsuma. Na ce wa fargabar nan a raina, na gane ki, ke ce ta ranar Litinin. Na danne gwiwata da gwiwar hannu.

Na ce, “Yaya, na ji kiranki ranar nan.”

Muryata kamar ba tawa ba.

“Na sani,” ta ce. “Ai kin waigo.”

Wayyo Allah. Kwana goma sha ɗaya ta san wannan, tana jin ina cewa ban ji ba.

Na jira zagi. Sai ta ɗago hannun, ɗanyen ciwon a buɗe, ta ɗora mini a cinya.

“Bi a hankali, wajen wuyan hannun ya fi zafi. Kuma ki daina rawar hannun nan, kina zuba mini ruwa a zane.”

Rawar ba ta daina ba. Naɗin ma ya karkace, ta yi tsaki ta ce in sake. Na sake sau biyu.

Gobe ƙarfe tara, in ji ta.