Ruwan da Ke Hanya

Litinin, 16 ga Satumba
Ikilima ta dawo daga jami'a da kwamfutarta da sabon wa'azi. Wai in yanke shinkafar fadamata ta Indabo kafin Alhamis. Dam ɗin da ke can sama ya cika, an fara sakin ruwa, ita kuma ta lissafa yawansa da gudunsa da faɗin kogi. Na nuna mata sama, wasai, ko gajimare babu. Ta ce, "Baba, ba daga sama zai zo ba. Ya riga ya taso, yana hanya." Yarinyar da na sha saɓawa a kafaɗa in ƙetare da ita kogin nan! Shinkafa kuwa ba ta gama nuna ba.

Talata, 17 ga Satumba
Babarta ta bi bayanta. An yi mini taron dangi.

Laraba, 18 ga Satumba
Mun yanke, wata da ɗanyenta. Na ce wa Halliru maƙwabcin gonata tsuntsaye ne suka ishe ni. Bai yarda ba. Ikilima ta roƙe shi ya yanke tasa, ya ƙi.

Alhamis, 19 ga Satumba
Kogi lafiya lau.

Juma'a, 20 ga Satumba
A kasuwa Halliru ya tambaye ni ko motar ruwan Injiniya Ikilima ce ta yi faci. Aka kwashe da dariya. Na dawo na tarar Ikilima ba ta ci abinci ba, ido jawur, wai ta ja mini asara. Ta raina abin da fadamun hanya za su shanye kafin ruwa ya wuce, shi ya sa ya makara. Tausayinta ya kama ni, shinkafar ma na manta da ita. Na ce, "Ci tuwonki, uwata."

Asabar, 21 ga Satumba
Ruwan ya iso da hantsi, rana ƙwal, ga shi jajir da kumfa da karare. Kafin la'asar fadama ta zama tafki. Ikilima ta riga ni shiga ruwa taya Halliru ceto abin da ya samu. Na buɗe baki zan tuna masa zancen faci, ta harare ni.

Litinin, 23 ga Satumba
Halliru ya zo. Muka gaisa, na jajanta masa. Can ya ce yaushe nake ganin ruwa zai janye, ko zai samu ya dasa albasa ya rage asara. Tun ina saurayi ni ake yi wa wannan tambayar a fadama. Na gyara zama, na gyara murya.

Sai na ji bakina ya ce, "Bari a kira Ikilima."