Hannayen Guguwar Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar rigimar nan taku. Mama na gaishe ku.

Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Kunnen Baba ne. Tun da idonsa ya fara ja da baya, ko cokali ya faɗi a kicin sai ya tambayi wa ya yar, maganar kuma ba ta gabansa ba ce. Mun koma wurin likitan ido, ya ja ni gefe ya ce jijiyar ce ke mutuwa, babu aikin da za a yi. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama saura tsakiyarsa, kamar mai leƙe ta ramin makulli, shi ma yana ta tsukewa.

Ka tuna Guguwa? Ɗan tabon hasken nan na sama da Baba yake ɗora mu a kan bokiti mu leƙa ta bututunsa na kallon taurari, yana rantsuwa tarin taurari ne can nesa, mai hannaye biyu a naɗe kamar maganin sauro. Kai ka ce masa majina ce, ka sha rankwashi. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran famfo, ya haɗa madubin hangen nesa da bututun ruwa da hannunsa, amma bai taɓa ganin hannayen nan ba. Na nuna masa hoton intanet, ya ture wayar ya ce wannan Guguwar wasu ce. To na yi alkawari zai ga tasa, ta cikin bututunsa.

Na ɗaura kyamara a bakin bututun, na sa masa ɗan injin da ke juya shi yana bin taurari. Hoto ɗaya ba ya nuna komai. Sai ka tara da yawa, kwamfuta ta ɗora su a kan juna, hasken ya taru. Abin da na samu yana cikin ɗan filashin kwamfutar da ke ambulan ɗin nan. Ka buga min shi babba, iya girman da injin shagon hotonka zai ɗauka, ka ba direban da ya kawo maka.

Ka gaida gida.
Yayarka

*

Ranki ya daɗe Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, sai dai wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Na rufe shago na zauna ina kallon bango. Ashe abin ya kai haka kuka yi shiru?

Ga hoton nan, girmansa ya kai rabin ƙofa, a takarda mafi kyau da nake da ita. Ya zo da datti sosai, duk tsaba-tsaba kamar an watsa yashi, musamman kewaye da farin abin nan na tsakiya. Kada ki damu, na zauna na goge shi tas, na sumulce shi yadda nake yi wa fuskar amare. Ko kwastoma mai biya ban taɓa yi wa irin wannan aikin ba.

Ki shafa min kan Baba, ko da yake na san zai ce shi ba yaro ba ne.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa, wadda ban so yi ba amma tarbiyya ta sa ni.

Allah ya shirye ka. Ka san abin da ka goge? Hannayen. Dattin da ka gani kewaye da tsakiyar, a cikinsa suke. Na yi makonni ina hawa saman bene da bargo bayan na yini tsaye a kan madubin gwajin jini a asibiti, sauro ya mai da ƙafafuna gonarsa, kai kuma ka ɗauki Guguwa ka yi mata kwalliyar amarya. Abin da ka aiko min dafaffen ƙwai ne a cikin duhu.

Laifina ne da ban buɗe shi ni kaɗai ba. Ɗoki ya sa na warware shi a falo a gaban Baba, ni da Mama muka riƙe gefe da gefe. Ya matso, ya yi ta yawo da kansa sama da ƙasa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ya yi kyau, Allah ya yi muku albarka," ya lalubi sandarsa ya shige ɗaki. Ka san Baba. Da ya ga wani abu, da ya kama musu. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka na ƙoshi.

Ka sake bugawa yadda na aiko. Kada ka taɓa ko ɗigo.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Na karɓi faɗan, na cancanta, maiɗakina ma ta ƙara min nata a kai. Ki yi haƙuri.

Amma ki saurare ni kafin ki yaga takardar. Na buɗe na asalin, na ƙara masa haske har injina ya fara nishi. Hannayen suna nan, na gan su, na kuma nemi gafarar Baba a raina game da maganar majina. Sai dai ni mai ido biyu sai da na ƙanƙance su kafin na raba hannayen da yashin. Idan na buga shi haka, Baba ba zai gani ba, sai ya sake cewa Allah ya yi mana albarka, ni kuma ba zan iya jin wannan sau biyu ba.

Ba na yi miki gyara a aikinki ba ne. Kin ce idan hotunan suka yi yawa hasken yana taruwa. Akwai sauran lokacin da za ki ƙaro? Idan babu, na buga wannan ɗin gobe.

Ƙaninki da ke durƙushe,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Tashi daga durƙuson, ka yi gaskiya, kuma kada ka saba.

Na koma sama. Guguwa yanzu tana karkata da wuri, tana faɗawa bayan tankin ruwan maƙwabta, ga hadari ya fara leƙowa. Duk daren da sama ta buɗe, ina can. Na je na roƙi mai shagon walda na ƙasanmu ya riƙa kashe fitilar ƙofarsa. Ya dube ni kamar ɓarauniya, sai da na hau da shi ya leƙa wata ta bututun. Yanzu shi ke zagawa yana kashe fitilun mutane. Raɓa ta ɓata min dare biyu, sai na yanka tsohuwar tabarmar roba na naɗa a bakin bututun. Rannan injin ya tsaya cak, Baba ya jiyo daga ɗakinsa, ya ɗaga murya ya ce notin ƙasa ne ya kwance. Shi ɗin ne kuwa.

Baba ya san abin da nake yi. Shekaranjiya na miƙa masa shayi, ya kai hannu gefe da kofin. Ina jin tsoro, Auta, tsoro sosai, amma na ce wa kaina ba zan sauko ba sai hadari ya kore ni.

Ya kore ni jiya. Ga filashin. Abin da na tara ya ninka na farko fiye da sau uku, kuma babu wani sai bayan damina. Ka buga shi babba.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Wannan karon hannayen sun fito har maiɗakina ta gan su daga bakin ƙofa. Sannu da ƙoƙari, wallahi na yi alfahari da ke.

Na sake saɓa miki, amma ki karanta tukuna. Na buga babban, na jingina shi da bango, sai na tuna maganarki ta ramin makulli. Na naɗe takarda siririya, na rufe ido ɗaya, na leƙa. Yaya, baƙi kawai na gani, in na matsa kuma fari kawai. Shi ya sa Baba ya yi ta yawo da kai, ba ya iya haɗa hoton gaba ɗaya. Ni da ke muka ɗauka mai raunin ido babban abu yake so.

Abin da ke cikin ambulan ɗin nan bai fi tafin hannu ba. Na kuma juya shi, sama ta zama fara, Guguwa baƙa, don na lura takarda mai baƙin rubutu ce kawai yake iya karantawa. Ban goge ko ɗigo ba. Ki ba shi da safe, a bakin taga, ya miƙe hannu da shi. Idan bai yi ba, babban na nan tafe.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Ni ne da hannuna, in layin ya karkace ka yi haƙuri.

Na gani. Hannaye biyu ne, ɗaya ya naɗo ta sama, ɗaya ta ƙasa. Sai ka zo ka maimaita min maganar majina a gabana.

Yayarka tana nan tana kuka, na rasa dalili, alhali aikin bai ƙare ba. Hannun ƙasa ya fi haka tsawo. Na ce mata bayan damina ta koma sama, ni zan zauna kusa da injin ina saurare. In ta kawo sabon, kai za ka duba min ka faɗa min gaskiya.

Allah ya yi muku albarka.
Babanku